Kiran Awaki a Ƙarƙashin Kustantiniyya

Rana na shirin faɗuwa Antusa ta sauke tukunyar miya, ta yafa mayafi, ta ce wa baƙinta uku su tashi. Haka ake yi a masaukinta, haka ake yi a kowane masauki da ke bakin tashar jiragen ruwan Kustantiniyya: wanda teku ta sako da ransa ba ya sa loma a baki sai ya je coci ya yi godiya a addu'ar kunna fitila. Mai jin yunwa ya yi ta ƙunƙuninsa, ba a fasawa.

Mai ƙunƙunin ranar kuwa Gudila ne, tsohon soja Bagote daga ƙabilun arewa, ƙato mai jan gemu, hannunsa na hagu yatsa uku gare shi. Sai Fambo, ɗan jirgin alkama daga Masar, siriri mai dariya ba dalili. Ta ukunsu Iya Shushan ce, tsohuwa daga ƙasar Armeniya, wadda ta yi wata biyu a hanya don ta ga manyan coci-cocin Birni kafin ta mutu. Dukansu Girkancinsu na kasuwa ne, a karye. Antusa ce ke ɗinke musu zance, don shekara talatin tana ciyar da baƙi, ta tsinci yare biyar a bakin murhu.

"Uwar masauki," in ji Gudila yana ɗaura takalmi, "an ce watan jiya wani baƙonki ya fita bai dawo ba."

"In ji wa?"

"Mai burodin ƙofar gidanki. Ta ce in riƙa shinshina miyarki kafin in sha."

"Shinshina da kyau, sarkin yaƙi. Da baƙi nake dafawa, ai kai kaɗai ka ishe ni har bikin Ista."

Fambo ya kwashe da dariya. Antusa ma ta yi, amma dariyar ba ta wuce leɓe ba, don mai burodi ba ƙarya ta yi ba. Abgar, wani mai sayar da yadi daga Sham, ya kwana tara a gidanta, a rana ta goma ya ce zai je addu'ar yamma shi kaɗai, ya bar kayansa a ɗaure, shiru kake ji har yau. Masu binciken baƙi suka zo suka birkice gidan. Babbansu ya nuna ta da sanda ya ce in wani ya sake ɓacewa za a garƙame ƙofar, a tono asalinta tun daga kaka da kakanni.

Tonon asalin nan shi ke hana ta barci. Unguwa ta san ta a matsayin Bagirkiya, matar marigayi wani mai kwale-kwale. Ba wanda ya san 'yar Isauriya ce, daga duwatsun nan da mutanen Birni ke cewa ɓarayi kaɗai suke haifa. Tun shekarar da aka kori mutanenta daga Birni aka ƙwace gidajensu, ba ta ƙara furta kalma ɗaya da yaren uwarta ba. In asirin ya tonu, gidan da ta gina da guminta ya tafi, ita ma ta bi shi.

Suka fito. Iskar teku ta kawo warin kwalta da kifi, ga ƙamshin man zaitun daga fitilun da aka fara kunnawa. Can sai katakan kiran ibada suka soma amsa wa juna daga tudu zuwa tudu. Antusa ta san kowanne da muryarsa: na cocin matuƙa jiragen ruwa mai kaushi, na gidan sufayen Sham siriri mai sauri. Ta kuma san yadda ake bugun. Mai guduma zai yi zagaye ɗaya ya huta, ya yi na biyu ya huta, a na uku ya ajiye, don hannun ɗan Adam ne, yana gajiya. Ta ƙofofin da suka wuce waƙar zabura na fitowa, nan da Girkanci, can da Latinanci, gaba kaɗan da yaren Sham. Iya Shushan sai tsayawa take tana share hawaye, Antusa na janyo ta.

"Iya, kuka a kowace ƙofa? A Birnin nan sai ki ƙare hawayenki kafin ki ƙare coci."

"Bar ni, 'yata. Abin da ya kawo ni ke nan."

Fambo ya dubi hannun Gudila ya ce, "Baba soja, ina ka ajiye sauran yatsun? Ko caca ka ci bashi da su?"

"A duwatsun Isauriya na bar su," in ji Gudila, ya tofar da yawu. "Mutanen da ko macijinsu ya fi su amana. Ko a cikin duhu na ji yarensu sai na gane."

Antusa ta gyara mayafinta, ta ƙara sauri.

A babban titi suka tarar da hanya a toshe. An tashi daga tseren dawaki, magoya bayan ƙungiyoyi biyu, 'yan Shuɗi da 'yan Kore sun kaure da jifa, dogarai na ta ɗirkar wanda suka samu. Mai hankali ba ya ratsa wannan da tsohuwa. Antusa ta karkata da su ta Lungun Masu Igiya, wanda gobara ta cinye bara, ba a sake ginawa ba. Ta san in an miƙe shi za a ɓulla bayan cocin matuƙa.

Hayaniyar titi ta yanke kamar an rufe ƙofa. Bangaye baƙi ƙirin, ba rufi. Warin tsohuwar toka da fitsarin kyanwa. Katakan Birni suka yi zagaye na uku, suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya.

Saura ɗaya.

Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas. A hankali, daga cikin lungun. Antusa ta kasa kunne tana jiran ya huta. Bai huta ba. Ta ƙirga ɗari a zuci, bugun bai yi sauri ba, bai ja baya ba. Kuma a iya saninta ba coci a Lungun Masu Igiya, ko kafin gobara.

Iya Shushan ta ja ta tsaya, ta kama ƙirji.

"Ku saurara," ta ce cikin raɗa. "Yarenmu ne. Zaburar yamma ce da yarenmu."

Lallai akwai waƙa. Muryoyi masu yawa, ƙasa-ƙasa, kamar daga tafin ƙafa suke shigowa.

"Iya, kunnenki ya tsufa," in ji Fambo. Ba ya dariya yanzu. "Kibɗancinmu na Masar ne wannan. Irin na ƙauyenmu ma, ba na birni ba."

"Ku biyun kun haɗa baki ne?" Gudila ya dubi wannan ya dubi wancan. "Gotanci ne tsantsa. Ita muke rerawa a sansani in an binne mutum."

Suka yi cirko-cirko, kowa na zargin ɗan'uwansa da ido. Sannan su ukun suka juyo kanta.

"Ke mai yare biyar," in ji Gudila a hankali, "me kike ji?"

"Girkanci," in ji Antusa.

Ƙarya ta yi. Abin da take ji yaren uwarta ne, da irin lanƙwasar kwarin da aka haife ta, har da yadda tsofaffin can ke haɗiye ƙarshen magana. Daɗinsa ya soke ta har idonta ya ciko. Shekara nawa rabonta da shi! Amma bayan daɗin sai ta tuna wani abu. Yarensu ba shi da littafi. Ba wanda ya taɓa juya zabura cikinsa. A ƙauyensu limamin coci da Girkanci yake addu'a, su ce amin ba su san me aka ce ba. Yaren kiwo ne da faɗa da rarrashin yara. To, wa ke rera zabura da shi?

"Mu koma," ta ce. "Gara jifan 'yan Kore."

"Don me?" Gudila ya ƙanƙance ido. "Ba ke kika ce ba ci sai an yi godiya ba? Ga coci. Ko akwai abin da ba kya so mu gani? Nan kika kawo Basham ɗin?"

"Wallahi ban taɓa..."

"Ina Iya?" in ji Fambo.

Iya Shushan ba ta wurin. A jikin wani rusasshen bango akwai ƙaramar ƙofa, da matakala ta yi ƙasa. Ƙarar sandarta na sauka, taku, taku. Fambo ya bi ta. Gudila ya yi wa Antusa kallo ɗaya, ya sunkuya ya shiga.

Ta tsaya ita kaɗai. Ƙafarta na cewa gudu. Amma ta koma gida ba baƙo ko ɗaya? Gobe warhaka tana hannun mai sanda. Ta yi alamar gicciye, ta sa ƙafa.

Matakala arba'in ta ƙirga. Duwatsun na da santsi. Ba ƙamshin turare, ba na man fitila. Warin ruwan da ya daɗe a kwance ne kawai, da wani abu mai ɗan zaƙi a ƙarƙashinsa, irin na nama da ya kwana.

Tsohuwar matattarar ruwa ce, irin waɗanda ke ƙarƙashin rabin Birni. Ginshiƙai jere a cikin baƙin ruwa, sun tafi har inda ido ya ƙare. Akwai haske fari-fari, amma ta duba ba ta ga fitila ba.

Mawaƙan na tsaye cikin ruwa har gwiwa, sahu biyu suna fuskantar juna, kamar yadda ake yi a kowace coci. Ruwan bai motsa ba ko kaɗan a kewayensu.

Baƙinta uku na tsaye a kan dakali na ƙarshe, yatsun ƙafarsu na taɓa ruwa.

Antusa ta yi shekara talatin tana tsayuwa a coci. Ta san abin da ake ji tsakanin aya da aya: ƙirji ɗari na jan iska lokaci ɗaya, tsoho ya yi tari, jariri ya yi ƙorafi. A nan sahun dama ya kai aya, na hagu ya ɗauka, ba wanda ya ja numfashi.

A ƙarshen sahun hagu ta hango ɗamarar rawaya. Ta san ta, ta Abgar ce, ita ta wanke ta da hannunta. Abgar yana da giɓi a haƙori, in yana waƙa a tsakar gidanta sai ka ji ɗan fito na bin muryarsa. Ga fiton nan a cikin waƙar. Bakinsa a buɗe yake, amma leɓensa ba ya motsi.

Sai waƙar ta tsaya.

Ta san wannan shirun. Kowa ya san shi. Gurbin da ake bar wa jama'a ne su amsa, "Ya Ubangiji, ka yi jinƙai." Tun kana goye ake koya wa bakinka, har ya zama ba ya neman izininka. Nata bakin ma ya buɗe da kansa, ta sa hannu ta toshe.

Nan ta gane yadda aka yi da Abgar. Amsawa ya yi.

Shirun ya daɗe yana jira. Ba wanda ya amsa, sai waƙar ta sake ɗaukowa daga farko, a tausashe. Iya Shushan ta sa ƙafa ɗaya a ruwa.

"Iya, kar ki amsa!" Antusa ta faɗa da Armeniyanci.

Maganar ta fito daga bakinta a rere, bisa karin waƙar, ta narke a ciki. Ta gwada Kibɗanci. Haka. Gotanci, Girkanci, yaren Sham. Duk yaren da aka taɓa yin zabura da shi, waƙar na da gurbinsa. Ta ja rigar Gudila, kamar ta ja ginshiƙi.

Ayar na gab da ƙarewa. Ta ga Fambo ya ja numfashi. Ta ga haɓar Iya na rawa.

Abu ɗaya ya rage mata, yaren uwarta, kuma ga Gudila tsaye a gefenta.

Waƙar ta tsaya.

Antusa ta cika ƙirjinta, ta ƙwala kiran da uwarta ke yi in awaki sun doshi bakin rami. Kira ne mai kaushi, rabinsa ihu rabinsa ashar, ba mai iya rera shi. Ya daki rufin, ya tsage shirun.

Bugun katakon ya yi tuntuɓe.

Kawunan sahu biyun suka juyo gaba ɗaya.

Fambo ya zabura kamar an watsa masa ruwan zafi. Gudila ya girgiza kai, ya dubi ruwan, ya dubi abin da ke cikin ruwan. Ya sunkuci Iya Shushan ya saɓa a kafaɗa.

"Sama!" in ji shi.

Suka afka matakala, Antusa a baya. Ta tsaya jan numfashi, nan take waƙar ta taso, ta ga ƙafar Fambo ta yi sanyi, yana shirin juyowa. Ta sake ƙwala kiran.

Daga ƙasa aka maimaita mata shi. Da muryarta.

Ta nemi ta sake yi, ta rasa. Kiran ya fita daga kanta fit, kamar an zare zare daga maƙogwaro. Ta kamo wata kalmar. Sunayen awakin gidansu, ɗaya bayan ɗaya. Kowanne ta jefa, a amsa daga ƙasa, ya ɓace mata.

Ruwa na fantsama a bayanta yanzu. Ana hawowa.

Ta jefa zagin da kakarta ke yi wa maƙwabta. Ta jefa ƙirga, ɗaya zuwa goma. Ruwa, wuta, gishiri, uwa. Matakala ashirin. Waƙar da ake yi wa jariri mai haƙori. Talatin.

Wani abu mai sanyi ya taɓa diddigenta.

Ta laluba kanta, wayam. Saura kalma ɗaya, sunan da uwarta ta raɗa mata kafin ta zama Antusa.

Ta ƙwala shi.

Ta faɗo waje a kan toka, gwiwa biyu. Sama ba ta gama yin duhu ba ma. Can nesa ana jin ihun 'yan Kore. A bayansu ba waƙa, ba bugu, sai ɗigar ruwa.

Ba wanda ya yi zancen coci kuma. Suka koma gida ta babban titi, cikin jifa, ba wanda ya damu. Antusa ta zuba miya. Iya Shushan ta kama hannunta ta sumbata. Gudila ya daɗe yana kallon kwanonsa.

"Na san wannan kiran," ya ce. "Daga kan dutse na ji shi, ranar da na rasa yatsuna."

"To, me za ka yi, sarkin yaƙi?"

"Miya zan sha," in ji shi. Ya sha, bai shinshina ba.

Duk da haka, bayan kwana huɗu masu binciken baƙi suka zo. Wani ya kai musu cewa mai masaukin nan 'yar Isauriya ce. Ko Gudila ne giya ta kwance wa baki, ko Fambo ne ya ba da labari a jirgi, ko mai burodi ce ta kasa kunne ta katanga, har Antusa ta mutu ba ta sani ba, kuma ba ta ƙara yarda da kowa ba.

Ba su dake ta ba, dabara suka zo da ita. Suka shigo da wani tsohon fursuna a cikin sarƙa, mutumin duwatsun, suka ce ya yi mata magana da yarensu, babbansu kuwa ya kafa wa fuskarta ido. Tsohon ya dube ta, da alama ya ga wani abu a ƙirar goshinta. Ya yi ta magana a hankali, har hawaye ya zubo masa. A ƙarshe ya yi wata tambaya, ya maimaita ta sau uku.

Antusa ta kasa kunne da dukan ranta. Ba ta buƙaci yin ƙarya ba. Ko kalma ɗaya ba ta gane ba.

"Bagirkiya ce," in ji mai sanda. "An ɓata mana lokaci." Suka ja tsohon suka fita, yana ta waiwayenta.

Gidan ya tsira. Ta ƙara shekara goma sha ɗaya tana ciyar da baƙi, tana raka su addu'ar kunna fitila da kanta, ta babban titi ko ana ruwan duwatsu. Abin da ta yi shekaru tana roƙon Allah ya binne mata ya binnu, kuma ba ta taɓa sanin baƙin ciki irin wannan ba. Takan zauna a bakin murhu tana neman yadda uwarta ke cewa wuta, ta yi ta nema har miya ta ƙone.

Masu wucewa ta bakin Lungun Masu Igiya sun ce yanzu ba zabura kaɗai ake ji ba. In katakan Birni suka yi shiru, akwai muryar mace a ƙarƙashin ƙasa tana wani irin ihu mai kaushi, kamar mai kiran dabbobi, a ƙarshe ta kira wani suna. Sau ɗaya Antusa ta je ta tsaya daga nesa ta saurara. Ta gane muryar sarai. An kira sunan sau uku, ta tsaya tana jiran ta ji wani abu a ƙirjinta, ba ta ji ba. Ta gyara mayafinta ta koma gida, don ta bar baƙi da yunwa.